Tuta ja, buƙata daban-daban: yadda kishin ƙasa ya rinjayi aƙida a ƙasashen gurguzu

Tsakanin watan Satumban 2023 da Yunin 2024, birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam ya karɓi baƙuncin shugabannin manyan ƙasashe uku da ke takun-saƙa da juna. Joe Biden na Amurka ne ya fara zuwa, Xi Jinping na Sin ya biyo baya a watan Disamba, sannan Vladimir Putin na Rasha ya sauka a watan Yuni. An shimfiɗa wa kowannensu jar darduma, an sa hannu a kan yarjeniyoyi, kowa ya koma gida da abin da zai nuna wa mutanensa. Amma babu ko ɗaya da ya samu sansanin soja ko alkawarin ƙawancen yaƙi.

Biyetnam tana cikin ƙasashe biyar da har yanzu jam'iyyar gurguzu ke mulki ita kaɗai, tare da Sin, Lawos, Kyuba da Koriya ta Arewa. Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa tunda ita da Sin aƙidarsu ɗaya, to bakinsu ɗaya. Tarihi bai nuna haka ba. Yaƙin ƙarshe da Biyetnam ta gwabza da wata babbar ƙasa, da Sin ta yi shi, a 1979. Marigayi Nguyen Phu Trong, wanda ya jagoranci jam'iyyar har zuwa rasuwarsa a Yulin 2024, ya kira salon hulɗar ƙasarsa da duniya diflomasiyyar gora: saiwa a kafe cikin ƙasa, rassa suna bin iska ba tare da sun karye ba. Magajinsa To Lam bai sauya hanya ba.

Wannan batu ya shafi yankin Sahel, inda kalmar 'yancin kai ta dawo bakin kowa, kuma gwamnatoci ke sallamar tsofaffin abokan hulɗa suna neman sababbi. Rasha ta yau ba ƙasar gurguzu ba ce, haka ma gwamnatocin Yamai, Bamako da Wagadugu. Sai dai ƙasashen gurguzu sun shafe kusan shekaru 80 suna fama da tambayar da ke gaban Sahel yanzu: ta yaya ƙaramar ƙasa za ta zauna kusa da babban aboki ba tare da ya haɗiye ta ba, kuma su wa ke ɗaukar nauyin wannan yunƙuri?

Aƙida a takarda, iko a Mosko

A koyarwar Karl Marx, abin da ke haɗa mutane shi ne matsayinsu a wurin aiki. Lebura a Jamus ya fi kusa da lebura a Faransa fiye da attajirin garinsu, kuma iyakokin ƙasashe za su rasa amfani idan ma'aikata suka karɓi mulki. A kan wannan tunani aka kafa ƙungiyar jam'iyyun gurguzu ta duniya, Komintan, a Mosko a 1919.

Ba a je ko'ina ba aikin ya sauya kama. Da juyin-juya-halin da ake jira a Turai ya ƙi zuwa, Joseph Stalin ya fito da manufar gina gurguzu a ƙasa guda. Daga nan kare Tarayyar Sobiyet ya zama farillar kowane ɗan gurguzu a ko'ina yake, kuma abin da Mosko ke so shi ake kira muradin ma'aikatan duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Sobiyet sun tsaya a yawancin ƙasashen gabashin Turai, aka ɗora shugabannin da da yawansu a Mosko suka yi zaman gudun hijira. Irin waɗannan shugabanni sun san wanda ya ɗora su, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tito ya fara buɗe ƙofa

Yugoslabiya ce ta fara fita daga sahu. Josip Broz Tito bai zo mulki a bayan tankokin kowa ba. Dakarunsa na sari-ka-noƙe sun yi shekaru huɗu suna yaƙar sojojin Jamus a duwatsun ƙasar, kuma ko da yake rundunar Sobiyet ta taimaka wajen ƙwato birnin Belgired a 1944, ba ta zauna ba. Tito yana da sojojinsa, da jami'an tsaronsa, da jam'iyyar da ke yi masa biyayya. Da Stalin ya nemi dasa mutanensa a cikin soja da tattalin arzikin ƙasar, sai Tito ya ƙi.

Ranar 28 ga Yunin 1948 aka kori Yugoslabiya daga Kominfom, ƙungiyar da ta gaji Komintan. Ƙasashen gabashin Turai suka yanke ciniki da ita, aka jibge sojoji a iyakokinta. Tito ya juya ga Amurka da Ingila, ya karɓi alkama da rance, daga baya har da makamai, ba tare da ya bar gurguzu ko ya shiga ƙungiyar tsaro ta NATO ba. A 1955, bayan mutuwar Stalin, Nikita Khrushchev da kansa ya je Belgired neman sulhu. A Satumban 1961 Tito ya karɓi baƙuncin taron farko na ƙasashe 'yan ba-ruwanmu, inda ƙasashe 25 suka halarta, ciki har da Masar ta Gamal Abdel Nasser, Indiya ta Nehru da Ghana ta Kwame Nkrumah.

Wannan nasara tana da ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Dubban 'yan jam'iyya da aka zarga da goyon bayan Stalin an tura su kurkukun tsibirin Goli Otok, inda aka gana musu azaba irin wadda ake zargin Stalin da ita.

Waɗanda suka gwada suka sha kashi

Ba kowa ya yi sa'ar Tito ba. A Hungari, Firaminista Imre Nagy ya sanar ranar 1 ga Nuwamban 1956 cewa ƙasarsa ta fice daga ƙawancen soja na Warso. Kwana uku bayan haka tankokin Sobiyet suka shiga Budafes. Kimanin mutum 200,000 suka tsere daga ƙasar, shi kuwa Nagy aka rataye shi a 1958. A Chekoslobakiya, Alexander Dubcek ya sassauta takunkumin da ke kan jaridu da faɗin albarkacin baki a 1968. A daren 20 ga Agusta sojojin ƙawancen Warso suka mamaye ƙasar. Daga nan Leonid Brezhnev ya bayyana ƙa'idar da ke cewa 'yancin kowace ƙasar gurguzu yana ƙarewa ne a inda ya ci karo da muradin sansanin baki ɗaya.

Romaniya kuwa ta bi wata hanya ta tsira. Shugabanta Gheorghe Gheorghiu-Dej ya lallaɓa Mosko har ta janye sojojinta a 1958. Sannan ya ƙi amincewa da shirin ƙungiyar tattalin arziki ta Komekon, wanda zai mayar da Romaniya gonar da ke ciyar da masana'antun wasu. A Afrilun 1964 jam'iyyar ta fitar da sanarwar cewa babu wata jam'iyya da ke da ikon yi wa wata umarni. Nicolae Ceausescu, wanda ya gaje shi a 1965, ya ƙara gaba: ya ƙulla hulɗa da Jamus ta Yamma a 1967, ya ƙi yanke hulɗa da Isra'ila bayan yaƙin wannan shekara, ya kuma fito bainar jama'a ya yi tir da mamayar Chekoslobakiya. Charles de Gaulle ya ziyarce shi a 1968, Richard Nixon a 1969.

Me ya sa Mosko ta ƙyale Romaniya amma ta murƙushe Hungari da Chekoslobakiya? Dalili biyu ne suka fi fitowa fili. Romaniya ba ta da iyaka da ƙasashen NATO, kuma ba ta fice daga ƙawancen Warso ba. Na biyu, Ceausescu bai taɓa sassauta mulkin jam'iyya ɗaya ba. Mosko na iya haƙuri da ɗan kama-karya mai taurin kai. Abin da ba ta iya haƙuri da shi shi ne jama'a su samu bakin magana, don hakan na iya yaɗuwa zuwa maƙwabta.

Manyan biyu sun raba gari

Ɓaraka mafi girma ita ce ta Sin da Tarayyar Sobiyet. Mao Zedong, kamar Tito, da ƙarfin sojojinsa ya ci mulki a 1949. Ya sa hannu a kan yarjejeniyar ƙawance da Stalin a 1950, amma bai yarda Khrushchev ya zama jagoransa ba. An yi ta musu a kan fassarar aƙida, sai dai a ƙarƙashin musun akwai batun iyaka, da batun makamin nukiliya da Mosko ta fasa taimakawa a ƙera, da batun wanda zai ja ragamar duniyar gurguzu. A 1960 Sobiyet ta kwashe ƙwararrunta kusan 1,400 daga Sin, ayyuka da dama suka tsaya cik. Sin ta gwada bam ɗinta a Oktoban 1964. A Maris ɗin 1969 sojojin ƙasashen biyu suka yi artabu a kogin Usuri. Shekaru uku bayan haka Mao ya karɓi Nixon a Beijin.

Ƙaramar ƙasar Albaniya ta yi amfani da wannan rikici. Enver Hoxha ya rabu da Yugoslabiya a 1948 ya rungumi Mosko, ya rabu da Mosko a 1961 ya rungumi Beijin, sannan ya rabu da Beijin a 1978 ya zauna ba shi da kowa. Kim Il Sung na Koriya ta Arewa ya kawar da ɓangarorin jam'iyyarsa masu karkata ga Sobiyet da masu karkata ga Sin daga 1956, ya ci gaba da karɓar taimako daga ɓangarorin biyu yana wa'azin dogaro da kai.

Biyetnam da babbar maƙwabciya

Labarin Biyetnam ya fi kowanne nuna yadda kishin ƙasa ke gaba da aƙida. Ho Chi Minh ya ayyana 'yancin kai ranar 2 ga Satumban 1945, kuma yaƙin da ya biyo baya da Faransa, wanda dubban sojojin Afirka suka yi a ƙarƙashin tutar Faransa, ya ƙare da faɗuwar sansanin Dien Bien Phu a Mayun 1954. A yaƙin Amurka, Hanoi ta karɓi makamai daga Mosko da Beijin a lokacin da su biyun ba sa ga-maciji, ta kuma ƙi ɗaukar ɓangare.

Bayan haɗewar ƙasar a 1975 daidaiton ya rushe. Gwamnatin Pol Pot ta Kambodiya, wadda ita ma ta gurguzu ce kuma Sin ke mara wa baya, ta riƙa kai hare-hare a ƙauyukan iyaka. Biyetnam ta sa hannu a kan yarjejeniyar ƙawance da Sobiyet a Nuwamban 1978, ta kutsa Kambodiya a watan Disamba, ta kori Pol Pot daga birnin Phnom Penh ranar 7 ga Janairun 1979. Ranar 17 ga Fabrairu Sin ta afka wa arewacin Biyetnam. An yi kusan wata guda ana gwabzawa, dubban mutane suka mutu a kowane ɓangare. Sobiyet ta aika makamai amma ba ta shiga yaƙin ba. A Maris ɗin 1988 sojojin ruwan Sin suka kashe sojojin Biyetnam 64 a rikicin tsibiran Spratly.

Shekarun dogaro da Mosko kaɗai sun bar Biyetnam cikin talauci da saniyar ware. A 1986 jam'iyyar ta fara gyaran tattalin arziki da ake kira Doi Moi, ta mayar wa manoma ikon sayar da amfanin gonarsu. Ta daidaita da Sin a 1991, ta ƙulla hulɗa da Amurka ta kuma shiga ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 1995. Sojojin Rasha sun bar sansanin Cam Ranh a 2002. Takardar manufofin tsaro ta 2019 ta jera abubuwa huɗu da ƙasar ta haramta wa kanta: shiga ƙawancen soja, haɗa kai da wata ƙasa don yaƙar wata, ba da sansani ga sojojin waje, da amfani da ƙarfi ko barazanarsa a hulɗar ƙasa da ƙasa.

Abin da ke riƙe da wannan manufa shi ne tattalin arziki. Ƙasar mai mutum kusan miliyan 100 ita ce ta biyu a duniya wajen fitar da kofi bayan Burazil, tana cikin manyan masu fitar da shinkafa, kuma masana'antunta ne ke sarrafa kaso mai yawa na ɗanyen kashu da ake saye daga Kwaddibuwa, Ghana da Najeriya. Amurka ce babbar kasuwar kayanta, Sin kuma ita ce babbar mai sayar mata da kayan aiki. Wannan ma yana da nasa haɗarin. A Afrilun 2025 Donald Trump ya sanar da harajin kashi 46 cikin 100 a kan kayan Biyetnam, kafin a sasanta a kan kashi 20 a watan Yuli. A cikin wannan watan na Afrilu Xi Jinping ya sake sauka a Hanoi.

Afirka ta gani da idonta

Nahiyar Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan labari. Ahmed Sékou Touré na Gine, wanda ya juya ga Mosko bayan ya ce a'a ga de Gaulle a 1958, ya kori jakadan Sobiyet a Disamban 1961 bisa zargin tsoma baki a harkokin cikin gida. A 1962, lokacin rikicin makamai masu linzami na Kyuba, ya hana jiragen Sobiyet sauka a filin jirgin Konakiri.

A ƙahon Afirka abin ya fi muni. Somaliya ta Siad Barre da Habasha ta Mengistu Haile Mariam duk suna iƙirarin gurguzu. Fidel Castro ya tara su a birnin Adan a Maris ɗin 1977 don ya sasanta su, bai yi nasara ba. Watanni kaɗan bayan haka Somaliya ta shiga yankin Ogaden. Mosko ta zaɓi Habasha, wadda ta fi girma da yawan jama'a, ta yi watsi da Somaliya duk da yarjejeniyar abota ta 1974. Siad Barre ya kori mashawartan Sobiyet a Nuwamban 1977 ya nufi Amurka. A lokaci guda 'yan gwagwarmayar Eritiriya, waɗanda su ma suka karanta Marx da Mao, suna yaƙar gwamnatin Mengistu har suka samu ƙasarsu a 1993.

A Nijar, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, bayan an haramta ta a 1959, ta tura matasa samun horon soja a Sin, Biyetnam ta Arewa da Aljeriya, tana kuma da mafaka a Ghana. Yunƙurinta na 1964 bai yi nasara ba. Da aka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairun 1966, yana Beijin a kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, Sawaba ta rasa babban majinginta. Gwagwarmayar da ƙarfinta ke wajen iyaka takan tsaya ne a ranar da mai masaukinta ya faɗi.

Su wa suka biya?

Samun 'yanci daga Mosko ko Beijin bai zama 'yanci ga talaka ba. Ceausescu ya ci bashi daga Yamma, sannan a shekarun 1980 ya ƙudiri aniyar biyan kusan dala biliyan 10 don kada kowa ya juya shi. Ya riƙa fitar da abinci waje, aka koma rabon burodi da mai da sukari da kati, ana ɗauke wuta da ɗumama gidaje a tsakiyar hunturu. Ya gama biya a farkon 1989, kuma ranar 25 ga Disamban wannan shekara aka harbe shi da matarsa. Hoxha ya cika Albaniya da ramukan kankare na tsaro sama da 170,000, ya rufe duk masallatai da coci-coci a 1967, ya bar ƙasar a matsayin mafi talauci a Turai. Koriya ta Arewa ta faɗa yunwa a tsakiyar shekarun 1990 bayan tallafin Sobiyet ya yanke, kuma bayan yarjejeniyar Yunin 2024, sojojinta sun je yi wa Rasha yaƙi a yankin Kursk.

Sai dai nauyi mafi girma kan tsiraru ya faɗa. Idan gwamnati ta kasa cika alkawarin wadata, takan koma ga kishin ƙasa don ta riƙe jama'a, kuma kishin ƙasa irin wannan yana buƙatar wanda za a nuna da yatsa. A Romaniya an soke yankin cin gashin kai na 'yan ƙabilar Hungari a 1968, aka riƙa taƙaita makarantunsu, yayin da gwamnati ke karɓar kuɗi daga Jamus ta Yamma da Isra'ila kafin ta bar Jamusawa da Yahudawan ƙasar su fita. A Polan, kamfen ɗin 1968 ya tilasta wa dubban Yahudawa barin ƙasa. A Bulgeriya, wadda ta fi kowa biyayya ga Mosko, gwamnatin Todor Zhivkov ta tilasta wa dubban ɗaruruwan Turkawa Musulmi sauya sunayensu a 1984 da 1985, ta hana magana da harshensu a bainar jama'a. A bazarar 1989 sama da mutum 300,000 suka tsallaka zuwa Turkiyya.

Ita ma Biyetnam ba ta tsira daga wannan ba. Da dangantaka da Beijin ta yi tsami a 1978, 'yan asalin Sin da ake kira Hoa, waɗanda kakanninsu suka daɗe a ƙasar kuma suka shahara da kasuwanci, suka zama abin zargi. An rufe shagunansu da sunan yaƙi da jari-hujja. Sama da 200,000 suka tsallaka iyaka zuwa Sin, wasu da yawa suka shiga jiragen ruwa, ba duka suka kai tudu ba. A Sin ta yau, ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na Agustan 2022 abin da ake yi wa Musulmin Uigur a lardin Xinjiang na iya kaiwa matsayin laifin cin zarafin bil'adama, zargin da Beijin ta musanta. Yugoslabiya kuwa, wadda ta yi ƙoƙarin daidaita ƙabilunta, ta wargaje shekaru 11 bayan mutuwar Tito, lokacin da tsofaffin jagororin jam'iyya irin su Slobodan Milosevic suka koma siyasar ƙabilanci. A Yulin 1995 aka kashe maza da yara maza Musulmi kimanin 8,000 a Srebrenica.

Abin dubawa ga Sahel

Tun daga Satumban 2023, lokacin da Mali, Burkina Faso da Nijar suka kafa ƙawancen AES, abubuwa sun yi ta sauyawa da sauri. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, masu horarwa na Rasha sun sauka Yamai a Afrilun 2024, Amurka ta fice daga sansanin Agadas a wannan shekara, ficewa daga CEDEAO kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Chadi ta soke yarjejeniyar tsaronta da Faransa a Nuwamban 2024. A Maris ɗin 2025 Nijar ta sallami wasu manyan jami'an kamfanonin man fetur na Sin su uku, abin da ya nuna cewa saɓanin muradi ba da Faransa kaɗai ake yinsa ba.

Tarihin ƙasashen gurguzu ya ba da ma'auni uku da za a iya auna wannan tafiya da su. Na farko, waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu, irin su Tito, Mao da shugabannin Hanoi, suna da rundunar da ta dogara da kanta. Gwamnatin da tsaronta ke hannun baƙi, ko daga ina suka zo, ba ta iya ce musu a'a. Na biyu, ƙofa ɗaya ba ta isa ba. Albaniya ta sauya uban gida sau uku ta ƙare a talauce, Somaliya ta wayi gari babban abokinta ya koma wajen abokin gabarta, Biyetnam kuwa ba ta farfaɗo ba sai da ta buɗe hulɗa da kowa tana da abin sayarwa. Na uku, 'yancin gwamnati a gaban ƙasashen waje abu ne daban da 'yancin ɗan ƙasa a gaban gwamnatinsa. Romaniya ta samu na farko ta hana na biyu, kuma ƙarshenta bai yi kyau ba.

Ga al'ummomin da ke zaune a tsallaken iyakoki akwai ma'auni na huɗu. Hausawan zangon Kumasi da Akara, na unguwar Briketeri a Yawunde, na Njamena da na gaɓar kogin Nilu a Sudan, rayuwarsu ta ginu ne a kan zirga-zirga, auratayya da fatauci tsakanin ƙasashe. Dattawan Ghana ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, kamar yadda ba a manta da korar da Najeriya ta yi a 1983 ba, kuma babu gurguzu a cikin ko ɗaya. Duk lokacin da kishin ƙasa ya yi zafi aljihu kuma ya yi sanyi, mai harshe biyu da dangi a ƙasa biyu shi ake fara tambaya takarda. Rufe iyakar Gaya da Malanbil ya riga ya nuna yadda rikicin shugabanni ke sauka a kan direba da ɗan kasuwa.

Saboda haka abin da ya kamata a sa wa ido a watanni masu zuwa shi ne ko za a ci gaba da mutunta 'yancin zirga-zirga tsakanin ƙasashen AES da na CEDEAO, ko samun takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa zai sauƙaƙa ga mazauna iyaka, da kuma irin kalaman da jami'ai da kafofin yaɗa labarai ke amfani da su a kan baƙi da tsiraru. A Bulgeriya da Biyetnam, kafin a kai ga kora, da sauya kalamai da binciken takardu aka fara.